Kwalabe Shida a Ƙarƙashin Kanta

Ni mutum ne mai son a ce na san doka. Ban yi karatun lauya ba, sakandare ma da ƙyar na ƙarasa, amma in aka zauna ana gardama a kan abin da hukuma ke da ikon yi da wanda ba ta da shi, muryata za ka fara ji tun daga bakin ƙofa. Matata takan ce da ana biyan mutum don musu, da tuni mun bar gidan haya. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin bakin da Allah ya ba ni, saboda akwai wata rana a Guangzhou da ake buƙatar bakin nan ya furta kalma uku kacal, ya kasa.

Sana'ata jakunkunan mata ce. Ina sarowa a Shiling, garin da ba abin da ake yi a cikinsa sai jaka, in haɗa kaya a kwantena in turo Kano. In na je nakan yi wata biyu ko uku, kuma masaukina ɗaya ne kullum, wani tsohon bene a wani lungu na Sanyuanli, hawa na shida, babu lif. Duk wanda ya taɓa hawa bene shida da buhun samfur a kafaɗa cikin zafin garin nan zai gane abin da ya sa muka ƙulla zumunci da shagon da ke ƙasa.

Shagon sigarin lantarki ne, ɗan tsukuku, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a waje. Bangonsa cike da ƙananan kwalaye da 'yan kwalabe na ruwan da ake ɗura wa sigarin. Mai shagon mace ce, za ta kai shekara hamsin, gajera, ba ta da yawan dariya. Sinawa suna ce wa mai shago lawban, mu kuma da ba ma barin kalma ta zauna lafiya muka mai da ita Lawbaniya, ta kuwa amsa. Ni ba na shan sigari ko wane iri ne, don haka ba ta taɓa sayar mini da komai ba. Duk da haka, in na dawo daga kasuwa a jiƙe da gumi, sai ta turo mini kujerar roba da ƙafarta, ta zuba mini ruwan zafi a kofin takarda. Na yi ta gaya mata cewa a garinmu mai jin zafi ruwan sanyi ake ba shi, ba ta taɓa saurarena ba.

Hira muke yi da waya. Ta yi magana a cikin tata, wayar ta juya zuwa Turanci, ni ma in mayar. A haka na san cewa ta yi shekara ashirin a kan keken ɗinki a masana'antun Shiling kafin ta buɗe shagon. Yatsunta biyu na hannun dama sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Ta ce shagon nan shi ne karo na farko a rayuwarta da take zama a kujera ba tare da wani yana tsaye a kanta yana ƙirga abin da ta ɗinka ba, kuma ta rantse ba za ta sake komawa kan keke ba. In na zo da samfur sai ta karɓa, ta juya cikinsa waje, ta bi ɗinkin da farce. In ta taɓe baki ta ce meyo, wato babu, na san jakar ba za ta kai wata uku a hannun matan Kano ba. Ta hana ni tafka asara fiye da sau ɗaya.

Ni na koya mata ajiya, kuma har alfahari nake yi da hakan. A kasuwar Kwari ta Kano in kaya suka yi maka nauyi, sai ka tura su shagon maƙwabci ka ce ga ajiya, ka yi tafiyarka. Ba ya tambayarka abin da ke ciki, ba ya kwancewa, in ma ya tambaya sai ka ji haushi, don ya nuna bai yarda da kai ba ke nan. Ranar farko da na miƙa mata buhu don kada in hau da shi, ta nuna shi da yatsa tana tambayar mene ne a ciki, ta kai hannu za ta zuge. Na riƙe zif ɗin, na ɗauko waya na yi mata doguwar lacca. Na ce a garinmu ajiya amana ce, mai ajiya ba ya buɗewa, mai kawowa kuma ba ya kawo abin da zai cutar da mai ajiya, haka muka gada tun kakanni. Ta karanta, ta dube ni, ta yi dariyar da ban taɓa ganin ta yi ba, ta tura buhun ƙarƙashin kanta. Kafin shekara ta zagayo, Hausawan benen nan gaba ɗaya a wurinta suke ajiya. Har kalmar ta iya. Kana doso ƙofa da leda za ta ce, “Ajiya?” ta miƙo hannu.

Ɗakin da ke kallon nawa na wani dattijo ne, mutumin Maraɗi, mai sarin shadda da mayafai. Alhaji muke ce masa, shi kuma ƙanena yake ce mini, don ya girme ni da kusan shekara ashirin. Shi ya fara kai ni Shiling da mota lokacin da ban san gabas da yamma ba a garin. Alhaji yana fama da ciwon gwiwa. Hawa benen nan sai ya huta sau uku, salla kuwa a kan kujera yake yi. Ya taɓa gaya mini cewa ciwon bai dame shi ba kamar yadda rashin kai goshi ƙasa ke damunsa.

Wata shekara, a lokacin da iskar garin ke jiƙewa har bango ya riƙa zufa, aka yi wa Alhaji rasuwar ɗan'uwa, ya tafi gida ba shiri. Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki sai ga surukinsa, wanda ke harkar Bankok, ya biyo ta Guangzhou zai kwana biyu ya wuce. Ya ƙwanƙwasa ɗakin Alhaji bai same shi ba, sai ya ƙwanƙwasa nawa.

“Yallaɓai, saƙon Baba ne,” ya ce, yana miƙo mini baƙar leda. “Maganin gwiwa ne. An ce yana yi sosai.”

Shi da kansa ya zaro kwalba ɗaya ya nuna mini. 'Yar ƙarama ce, ruwan ƙasa, da murfi mai ɗigo. A jikin takardarta akwai hoton ganye mai yatsu, wanda ko yaron goye a Kano ya san ko na mene ne.

Na ce, “Kai, wannan ai wiwi ne.”

Ya yi dariya. “Daga ganyen ake tatso shi, amma an cire abin da ke bugarwa. Ko ka shanye kwalbar ba abin da za ka ji. A can a fili ake sayarwa, har a kantin magani. Ga shi ma an rubuta a jiki.”

Na karanta, haka aka rubuta. Ya mai da kwalbar cikin 'yan'uwanta biyar, ya naɗe ledar da salatif, ya yi mini sallama.

A nan ne nake so in faɗi gaskiya, don na daɗe ina ba da labarin nan a karkace. In ina ba mutane, nakan ce ban san abin zai zama matsala ba. Ƙarya ne. Ledar nan ta kwana ɗaya a ɗakina, ban samu natsuwa ba. 'Yan sanda sukan zagayo masaukan baƙi su duba fasfo da takardar rajistar zama, wani lokaci su leƙa ɗaki su ɗan dudduba. Na yi ta hango hannun ɗan sanda yana ɗaga kwalbar nan, yana kallon ganyen, yana kallona. Na san babu wanda zai tsaya karanta ƙananan rubutu a kan baƙo baƙar fata da ganyen wiwi a ɗakinsa. Da safe na ɗauki ledar na sauka da ita.

A kan matakala na yi wa kaina shari'a, na kuma wanke kaina tas. Na ce ai ba haramtacce ba ne, ga shi a rubuce. Na ce ita 'yar ƙasa ce, ba mai taɓa ta. Na ce shagon da ke cike da ƙananan kwalabe, wa zai lura da ƙarin guda shida? Wannan tunani na ƙarshe shi ne mafi wauta a cikinsu, amma a lokacin har daɗinsa na ji, na ga kamar na yi dabara.

“Ajiya?” ta ce.

Na ce ajiya. Na ƙara da waya cewa maganin gwiwar Alhaji ne, zai karɓa in ya dawo. Ta san Alhaji, takan ba shi kujera ya huta kafin ya fara hawa. Ta gyaɗa kai, ta tura ledar can ƙarshen kanta. Ban ce mata akwai ganye a jiki ba, ita kuma ba ta tambaya ba, don ni na koya mata kada ta tambaya.

Alhaji ya daɗe a gida fiye da yadda ya yi niyya. Sati uku suka wuce, har na manta da ledar, ko in ce na ga damar mantawa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, na sauko daga tasi a bakin lungu na ga mutane sun taru. Motar 'yan sanda biyu, da wata farar mota ta ma'aikatan da ke kula da harkar taba. Daga baya na ji cewa shagunan sigarin lantarki na unguwar gaba ɗaya suke bi, suna neman ruwan sigari mai ƙamshin 'ya'yan itace da aka hana sayarwa, da kuma wanda ɓata-gari ke zuba wa ƙwaya. Na kutsa cikin mutane har na iso gaba. An fito da duk ajiyarmu an jera a bakin ƙofa, an buɗe kowace. Ga takalman wani, ga atamfar wani, ga cajojin waya. A kan kanta kuwa ga baƙar ledar, an yanke salatif ɗin, kwalabe shida a jere, wani ɗan sanda mai safar hannu yana ɗaukar su hoto, ya juyo da ganyen yana kallon kyamara.

Lawbaniya tana tsaye a gefe, hannayenta a haɗe a gaba. Wani babba a cikinsu yana yi mata tambaya, tana amsawa a gajarce. Ba na jin Sinanci in ban da na ciniki, amma na gane tambayar, don yana yi yana nuna kwalaben, yana nuna taron mutane. Sai ta ɗago kai ta dubi taron. Idonta ya biyo fuskoki har ya iso kaina, ya tsaya kaɗan, ya wuce. Ta girgiza kai.

Babban ya juyo wurinmu, mu baƙi da muke tsaye, muna da yawa. Ya ɗaga wayarsa, ta yi magana da Turanci da muryar mace: wa ya ajiye wannan a nan?

Ni na ajiye. Kalma uku ke nan. Fasfona yana aljihu, bizata lafiya lau, takardar rajistata ba ta ƙare ba. Na yi niyyar faɗa. Sai na tuna kwantenar da ake loda mini a satin, na tuna 'ya'yana, na tuna labaran da ake bayarwa na waɗanda aka kama da ƙwaya a ƙasar nan. Na dubi mutumin da ke kusa da ni, kamar ni ma jira nake in ji wanda zai amsa. Wayar ta sake tambaya. Ba wanda ya ce uffan.

Suka kwashe komai na shagon, har kayan da ba ruwansu, suka zuba a kwalaye. Suka jawo ƙofar ƙarfe, suka manna dogayen takardu biyu a gicciye masu jan hatimi. Ta shiga motar da ƙafarta, ba wanda ya taɓa ta. Ba ta sake duban inda nake ba. Na hau bene shida, na shiga ɗaki na kulle, na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafata har aka kira magariba a wayata.

Kwana uku ban fita ba sai don abinci. Duk takun da na ji a matakala sai in zaci ni aka biyo, don na tuna akwai kyamara a saman ƙofar shagon. Sai daga baya na ji cewa ba ta riƙe hoton da ya wuce 'yan kwanaki. Da na ji haka na yi hamdala, kuma har yau ina jin kunyar wannan hamdalar.

Akwai wani ɗaki a bene na biyu a lungun baya inda wata mata ke tuƙa tuwo, nan muke haɗuwa da rana. Zancen shagon ya zama abin hira, ni kuwa na samu abin yi. Ba wanda ya kai ni tayar da jijiyar wuya. Na ce zalunci ne. Na ce ba su da ikon kwashe kayan shago gaba ɗaya a kan kwalba shida da ko gwada su ba a yi ba. Na ce man da ke cikin kwalaben nan ba ya bugarwa, a ƙasashen Turawa a kan kanta ake sayar da shi, wiwi daban, abin da aka tatso daga jikinsa daban, in ba haka ba sai a kama mai sayar da inabi a ce giya yake sayarwa. Na ce ina takardar kotu da ta ba su izinin buɗe ajiyar mutane? Mutane suna ta cewa wallahi gaskiyarka. Borin kunya ne kawai nake yi, amma na yi shi da kyau har ni kaina na fara yarda.

Akwai wani Bahaushen Kumasi a wurin, wanda ya fi shekara goma sha biyar a garin, yana auren Basiniya, yana karanta rubutunsu. Ya bar ni na gama, sannan ya ajiye cokali. Ya ce abin da ake yi a wata ƙasa ba ya tsallako iyaka ya biyo kwalba. Ya ce a nan ko a man shafawa an hana sa abin nan, balle a same shi a shagon sigari, cikin kwalabe masu kama da na ruwan sigari. Wanda ya duba zai ce sayarwa take yi. Ya ce shago mai lasisi kuwa, masu dubawa suna da damar shiga su duba, ba sai sun nemi izinin kowa ba.

“Amma ni ba wannan ne ya dame ni ba,” ya ce. “Abin da nake tambaya shi ne, yaya ka san shida ne, kuma ba ya bugarwa? Ni ina wurin, ban iya karanta jikin kwalbar daga nesa ba.”

Na ce ido ne da ni. Aka yi dariya. Shi bai yi ba, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Alhaji ya dawo bayan kwana tara da rufe shagon. Na ji shi yana hawowa, yana hutawa, yana hawowa. Ko jakarsa bai ajiye ba ya ƙwanƙwasa mini.

“Ƙanena, mi ya hwaru da butik ɗin matar ga?”

Na ba shi kujera, na gaya masa komai. Shi kaɗai na gaya wa ba tare da na rage ba, don ba a iya yi wa Alhaji ƙarya ido da ido. Ya saurara yana murza gwiwa.

“To da sunka tambaya, ka hwaɗa musu kai ka aje?”

Na girgiza kai.

Ya dafa bango ya miƙe. “Tashi mu tahi kwamisariya, wajen 'yan sanda. Maganina na, ni aka aiko ma. In hwaɗa musu da bakina, su sake ta.”

Nan fa bakin nan nawa ya dawo da ƙarfinsa. Na tare ƙofa. Na ce Alhaji, ka zauna mu yi tunani. Na ce in ka je, ba sakin ta za su yi ba, ƙara mutum biyu za su yi a kan ɗaya. Za su tambayi wanda ya shigo da shi ƙasar, ka jefa surukinka, ka raba 'yarka da mijinta. Na ce kai dattijo ne mai ciwo, ina za ka iya zaman tsare? Na ce ita 'yar ƙasa ce, tana da dangi, za su gwada man su ga ba komai, su buɗe mata shago. Na kawo hujja a kan hujja, har da dokokin da ban san ko akwai su ba. Na fi awa ɗaya ina magana. Abin da ban faɗa ba shi ne, in Alhaji ya je, tambaya ta biyu da za a yi masa ita ce wa ya kai ledar shagon alhali yana Maraɗi.

A ƙarshe ya koma ya zauna. Ya ce, “To, Malam. Na ji.” Tun da muka haɗu bai taɓa ce mini Malam ba. Daga ranar kuma bai sake ce mini ƙanena ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, in ya dafa shayi yana miƙo mini, amma Malam ne.

An sake ta bayan wasu kwanaki. Abin da gwajin ya nuna ban sani ba, kowa da abin da yake faɗa. Abin da na sani shi ne takardun nan masu jan hatimi sun zauna a ƙofar har rana ta koɗar da su, kuma Bahaushen Kumasi ya ce an karɓe lasisinta, ba za a mayar ba. Nakan canza hanya in bi ta lungun baya don kada in wuce ta gaban ƙofar, ko da yake hakan na nufin zagaye mai nisa da kaya a kafaɗa.

Ana saura kwana huɗu in koma gida, da hantsi, saƙonta ya shigo wayata. Ta ce in sauko, tana ƙasa. Na karanta ya fi sau biyar. Na sa riga, na cire, na sake sawa. A kan matakala na shirya abin da zan ce. Zan ce ki yafe mini, na san abin da ke cikin ledar, tsoro ne ya sa na kawo miki, tsoro ne ya sa na yi shiru. Na maimaita shi a kowane hawa don kada ya gudu.

Tana tsaye a gaban rufaffen shagon, ta rame, ta yanke gashinta. A gefenta akwai ƙaramin amalanken hannu, a kansa wani buhu mai ratsin ja da shuɗi. Na gane shi nan take. Samfuran fata ne da na ba ta ajiya tun farkon zuwana na wannan karon, na ɗaure bakin da igiya. Na ɗauka yana cikin abin da aka kwashe.

Ta yi magana a waya ta miƙo mini. Ta ce da bango ya fara zufa ta ga fatar za ta yi fumfuna a ƙarƙashin kanta, sai ta kai buhun gidanta, inda take da na'urar busar da iska. Shi ya sa ba a tafi da shi ba. Na duba bakin buhun. Ƙullin da na yi da hannuna ne, irin na 'yan Kwari, ba a taɓa shi ba.

Na tambaye ta ina za ta yanzu. Ta ɗaga hannun nan mai lanƙwasassun yatsu, ta yi alamar tura ƙyalle a ƙarƙashin allura, ta ce, “Shiling.” Ba ta ɓata fuska ba da ta faɗa.

Na riƙe wayata, na buɗe wurin magana. Duk abin da na shirya yana nan a kaina. Kafin in fara sai ta laluba jakarta ta fito da wani ɗan kwali mai rubutun Sinanci da hoton gwiwa, irin filastar nan mai warin ganye da tsofaffinsu ke mannawa. Ta sake magana a waya. Ta ce wannan na Alhaji ne, tunda an tafi da maganinsa. Ya manna da safe, ya cire in zai kwanta, kada ya sa a kan rauni.

Na karɓa. Ta jira kaɗan, tana kallona, irin kallon da take yi wa ɗinki. Ina jin da na yi magana a lokacin za ta saurara. Na buɗe baki na ce, “Sheshe,” wato na gode. Ta gyaɗa kai, ta ja amalankenta ba komai a kai, ta nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Har yanzu ina zuwa Shiling. Masana'antun suna da yawa, ban taɓa cin karo da ita ba, kuma ban sani ba ko nemanta nake yi ko gudunta. In na ɗauki jaka nakan juya cikinta waje in bi ɗinkin da farce yadda ta koya mini, in na ga mai kyau ƙwarai sai in ajiye da sauri. Gardamar doka kuwa ban daina ba, hali ne, sai dai in zance ya zo kan abin da 'yan sanda ke da ikon kwashewa a shago, nakan tashi in ce zan yi alwala.

A ranar dai, na hau bene shida da buhun a kafaɗa da kwalin a hannu. Na samu Alhaji a kan kujerarsa ta salla, ya idar da walaha. Na miƙa masa, na gaya masa daga inda ya fito da yadda ake mannawa. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya daɗe yana kallon hoton gwiwar.

“Ita ta rasa butik, ita ka aiko min da magani,” ya ce a hankali. Ya ɗago kai. “Kai mi ka ce mata, Malam?”

Na ce, “Na ce mata na gode.”